Yadda zaka karanta giraf ɗin gwajin ja na ƙarfe ka gane ko rodin da aka kawo maka na kirki ne

Duk wanda ya taɓa yanko guntun rodi ya kai lab a gwada masa ya san abinda ake miƙo masa daga baya, takarda ɗaya ce da lambobi huɗu ko biyar, sai wani layi da ya miƙe sama ya lanƙwaso ya faɗo. Kuma yawancinmu lambar da tafi girma idonmu yake fara nema, da mun ga 600 sai muce madalla ƙarfe yayi kyau a kira masu kankare. Toh a duk lambobin dake takardar nan wannan babbar ita ce tafi ƙarancin amfani ga mai gini, don kafin rodi ya kai wajen nan dakin ɗinka, wato rufin kankare, ya daɗe da yin ciki kuma bango ya tsage. Layin nan abu uku yake gaya maka kuma kowanne zaman kansa yake yi: yadda ƙarfen ke ƙin miƙewa tun da farko, inda yake sakin jiki, da nisan da zai miƙe kafin ya tsinke. Zan bi su da rodi mai 12, wato mai kaurin milimita 12, tunda shi kowa ya sani, amma ko alminiyam ne ko tagulla ko roba hanyar ɗaya ce, haka ɗalibin injiniya da aka ce ya rubuta rahoton firaktikal shima nan zai bi.

Auna ƙarfen tun kafin ya shiga inji

Anan mutane ke fara yin asara. Ana ce maka rodi mai 12 ne, amma sunan kawai ka ji, baka san kaurinsa ba sai ka auna. Kuma kalifa, wato ɗan ma'aunin kaurin nan mai baki biyu, bata da amfani sosai a jikin rodi saboda zanen nan mai tudu-tudu dake jikinsa, in ka ɗora a kan tudun ka samu lamba ɗaya in ka ɗora a kwarin ka samu wata. Sikeli zaka nema. Ka yanke guntu da zarton ƙarfe, bakin ya zama daidai, ka auna tsayinsa da milimita ka ɗora a sikeli mai nuna giram. Nauyin ƙarfe sananne ne, kilo 7850 a kowace mita kubik, wato giram 0.00785 a kowace milimita kubik. Don haka eriya, wato faɗin fuskar rodin a inda ka yanka, ita ce nauyi a raba da 0.00785 sau tsayi.

Mu ɗauka guntunka milimita 500 ne kuma yayi giram 420. 0.00785 sau 500 ya bada 3.925, ka raba 420 da shi ka samu 107. Cikakken rodi mai 12 kuwa eriyarsa 113.1 ce, mitarsa ɗaya kilo 0.888. Kaga naka ya gaza da sama da kashi 5 cikin ɗari, kaurinsa na gaskiya bai wuce 11.7 ba. Riƙe lambobin nan biyu, 107 da 113.1, zasu yi mana aiki a gaba. Ga mai son sauri a wajen aiki, kauri sau kansa a raba da 162 yana baka nauyin mita ɗaya, mai 16 ya kama kilo 1.58 kenan, mai 10 kuma 0.617.

Sai alama. Ka ɗiga maki a jikin rodin da fonci ko ka ja da maka, tazarar da ake amfani da ita sau biyar ɗin kauri ce, a mai 12 milimita 60 kenan. Kar ka yi maki biyu kacal, jera su da yawa a tsawon guntun misali duk bayan milimita 12, saboda baka san inda zai tsinke ba, in ya tsinke a wajen makinka ka rasa awon miƙewa gaba ɗaya. Foncin ma kar ka dake shi da ƙarfi, rami mai zurfi shi zai jawo tsinkewar wajensa.

Duba me aka rubuta a gefen giraf ɗin

Kafin ka kalli layin kansa, kalli gefe. In a tsaye an rubuta kN, wato Niyuton dubu, ma'aunin ƙarfin ja, a kwance kuma mm, toh wannan giraf ɗin lodi da miƙewa ne, labarin wannan guntun ne kawai, in aka kawo mai 16 na ƙarfe iri ɗaya layin zai canza. Sai ka mayar da shi sitires da sitiren kafin ya zama labarin ƙarfen kansa.

Sitires shine lodi a raba da eriyar farko. Lodi da Niyuton, eriya da murabba'in milimita, amsar ta fito da N/mm², kuma shi ne dai MPa, babu wani bambanci ko na ɗigo. Sitiren kuma ƙarin tsayi ne a raba da tsayin farko, bashi da ma'auni, ko a rubuta 0.002 ko a rubuta 0.2%, duk ɗaya. Anan ɗalibai ke yawan faɗawa rami, mutum ya saka 0.2 a lissafi a inda ya kamata ya saka 0.002 sai amsa ta kauce sau ɗari. Tsofaffin injinan da ake da su a wasu makarantu kuma da kilo ko tan suke nunawa, kilo ɗaya Niyuton 9.81 ne. In takardar da lissafin Amurka ta zo kaga ksi, ɗaya ɗinta MPa 6.895 ce, shi yasa rodin da suke kira Grade 60 yake kamawa 420 a namu lissafin.

Miƙaƙƙen layin farko

Daga sifili layin zai tashi sama a miƙe, kusan a tsaye. Duk wannan wajen in aka sauke lodi ƙarfen zai koma tsayinsa kamar ba a taɓa shi ba, kuma in ka ninka lodi miƙewa ma ninkawa take yi. Robert Hooke ne ya buga wannan doka a Ingila a 1678, lambar da ake cirowa daga tsayuwar layin kuma sunan Thomas Young aka laƙa mata, ita ce E ɗin da kake gani a takarda, modulos.

Yadda zaka fitar da ita: zaɓi wuri biyu a tsakiyar miƙaƙƙen layin, kar ka ɗauki sifili kar kuma ka matsa kusa da inda ya fara lanƙwasa. Misali a MPa 100 sitiren 0.0005, a MPa 300 sitiren 0.0015. Bambancin sama 200, bambancin ƙasa 0.001, ka raba ka samu 200,000 MPa wato GPa 200. Haka ƙarfe yake, tsakanin 200 zuwa 210. Alminiyam wajen 70, tagulla tsakanin 110 da 130, kankare wajen 25 zuwa 35, katako ta tsawonsa wajen 10.

Dalilin da yasa nace kar ka fara daga sifili, a farkon gwaji haƙoran injin suna kan neman wajen cizo ne, rodin yana ɗan zamewa, in kuma da ɗan lanƙwasa a jikinsa yana miƙewa, sai kaga ƙafar layin ta ɗan kwanta kafin ta tashi. Wannan ba halin ƙarfen bane, na inji ne. Ka ɗora rula a kan miƙaƙƙen wajen ka ja shi ƙasa har ya taɓa layin kwance, inda ya taɓa nan ne sifilinka na gaskiya.

Sannan in ka lissafa modulos ɗin ƙarfe ka samu 30 ko 50 a maimakon 200, kar ka rubuta a rahoto cewa ƙarfen jabu ne. Tambayi mai lab da me aka auna miƙewar. In da tafiyar kan injin aka auna, toh miƙewar injin kansa da zamewar haƙora duk sun shiga ciki, dole lambar ta faɗi ƙasa. Sai da ekstensomita, ɗan na'urar nan da ake maƙalawa a jikin rodin kai tsaye, ake samun modulos na gaskiya. In babu ita gara ka rubuta cewa ba a auna ba, sauran lambobin lodi kam suna nan daidai.

Ga wani abu da ko wasu masu aikin sun kasa yarda da shi. Sifirin ɗin mota da maƙera ke saye suna ƙera adda da gatari, da waya mai laushi da ake ɗaure rodi da ita, modulos ɗinsu kusan ɗaya ne. In ka zana su a giraf ɗaya layin farko kan juna zasu hau, bambancin kawai shi sifirin layinsa zai ci gaba da hawa a miƙe har ya wuce 1000 ita kuwa wayar tun ƙasa ta saki. Ma'ana in bim yana lotsawa fiye da kima, sayen ƙarfe mai babban gired ba zai rage lotsawar ba, sai dai a ƙara zurfin bim ɗin ko yawan ƙarfen. Tsayuwar layi daban, tsawon layi daban.

Inda ƙarfe yake sakin jiki

Nan ne zuciyar maganar, a takarda zaka ga an rubuta Re ko fy, masu aiki kuma yil suke cewa. Daga wannan gaɓar in aka sauke lodi ƙarfen ba zai koma yadda yake ba, ya miƙe kenan har abada.

A ƙarfe mai ƙarancin kabon abin a fili yake. Layin zai hau ya kai wani tsini, ya ɗan faɗo, sannan ya kwanta yana ɗan karkarwa, rodin na ta miƙewa amma lodi ya ƙi ƙaruwa. In kana tsaye gaban tsohon inji mai allura zaka ga allurar ta tsaya cak ko ta ɗan ja baya, kuma in ka kalli jikin rodin zaka ga baƙin ɓawon nan na masana'anta yana farfashewa yana zubowa ƙasa ɓarɓashi-ɓarɓashi, har ɗan ƙara yake yi in wajen shiru. Tsinin shi ne yil na sama, kwanciyar ita ce na ƙasa. Na sama yana canzawa da saurin inji da yadda aka daidaita guntun, na ƙasa yafi tsayawa wuri ɗaya, don haka ka duba wanne ƙa'idar da kake bi ta nema ka kuma rubuta wanda ka ɗauka.

Amma alminiyam da tagulla da sitenles da ƙarfen da aka ja shi a sanyi basu da wannan tsini, layinsu lanƙwasawa yake a hankali baka iya nuna yatsa kace ga wajen. Toh sai a yi dabara. Ka je layin kwance ka nemi 0.002, daga nan ka ja layi da rula wanda yake tafiya kafaɗa da kafaɗa da miƙaƙƙen layin farko, tsayuwarsu ɗaya sak, inda ya yanki layin gwajin ka karanta sitires ɗin wajen. Shi ake rubutawa Rp0.2. Abinda yake nufi shine in ka kai ƙarfen wannan lodin ka sauke zai rage da miƙewar kashi 0.2 cikin ɗari, a tazarar milimita 50 milimita 0.1 kenan. Kuskuren da ake yi shine a ja layin a tsaye sak daga 0.002, wannan wata lamba daban zai baka. In a Excel kake yi, ka buɗe sabon layi ka saka modulos sau sitiren bayan ka cire masa 0.002, ka zana su tare ka nemi mahaɗa.

Yanzu mu koma rodinmu. Mu ce ya saki a kN 50, wajen tan 5.1 kenan, nauyin buhun siminti ɗari da ɗoriya rataye a jikin rodi ɗaya. In ka raba 50,000 da 107 ka samu 467. In ka raba da 113.1 ka samu 442. Toh wanne ne gaskiya? Duka biyun. Na farko yana cewa ƙarfen kansa ya kai gired 460, wato yil ɗinsa ya kai MPa 460, na biyu yana cewa wannan rodin a matsayin mai 12 bai kai ba. Kuma injiniyan da ya zana ginin da 113 yayi lissafi, bai san an tsuke kauri ba. Don haka in hukunci zaka yanke a kan ko a yi aiki da shi, na biyun zaka duba. Duk takardar da aka baka ka tambayi da wace eriya aka raba, in babu amsa ka karɓi lodin da kN ka raba da kanka. Sannan ka buɗe zanen ginin ka ga fy nawa aka yi lissafi da shi, a nan ƙasar zaka ga 410 ko 460, sababbin zane kuma 500. Ƙa'idar Ingila BS 4449 ta 1997 gired 250 da 460 ta sani, ta 2005 ta koma 500. Shi mai zane ma ba duka yake amfani da shi ba, 0.87 na fy yake ɗauka, ragowar ita ce 'yar rarar da aka bari don tsaro, kuma ba don mai sayar da rodi ya cinye ta aka bar ta ba.

Ka kuma lura da ƙanƙantar miƙewar da ake magana. 460 a raba da 200,000 ya bada 0.0023, wato rodi mai tsawon mita ɗaya milimita 2.3 kacal ya miƙe lokacin da ya saki. Duk rayuwar gini mai lafiya a cikin wannan ɗan siririn wajen take, a giraf kuwa ko faɗin farce bai cika ba.

Hawa na biyu da ƙololuwa

Bayan kwanciyar nan layin zai sake hawa amma a lanƙwashe, ƙarfen yana ƙara tauri saboda miƙewar da yake sha. Inda ya kai ƙarshen hawa shine UTS ko Rm, babbar lambar nan da idonmu yake fara nema. A misalinmu mu ce kN 61, da eriyar 113.1 ya kama 539.

Lambar ita kaɗai bata ce komai ba, raba ta da yil. 61 a raba da 50 ya bada 1.22, kuma kaga anan eriya bata shiga ba don haka babu wanda zai yi maka wayo. Wannan rabon yana gaya maka tazarar dake tsakanin sakin jiki da fara mutuwa. BS 4449 ta 2005 ta kasa rodi uku: B500A rabonsa aƙalla 1.05, B500B aƙalla 1.08, B500C daga 1.15 zuwa ƙasa da 1.35, miƙewarsu a ƙololuwar lodi kuma aƙalla kashi 2.5 da 5 da 7.5 bi da bi. In kaga 1.02 ka tsorata ko da yil ɗin 600 ne. In kuma kaga rabon yayi sama sosai kamar 1.6, yawanci yil ɗin ne yayi ƙasa, koma ka sake dubawa.

Wuya, da faɗowar layi

Daga ƙololuwa layin zai fara gangarowa, kuma ɗalibai da yawa suna rubuta cewa ƙarfen ya fara rauni. A'a. Abinda ya faru shine miƙewar ta daina rabuwa a duk tsawon rodin ta taru wuri ɗaya, wajen ya fara sirancewa kamar yadda alewa ke yi in yara biyu suka ja ta, shi ake cewa yayi wuya. Eriya ta ragu sosai a wajen amma mu har yanzu da eriyar farko muke rabawa, shi yasa layin ke sauka a takarda. In da eriyar wannan lokacin ake rabawa da layin hawa zai ci gaba da yi har tsinkewa. Wanda aka tambaya sitires na haƙiƙa, lissafin shine ka ƙara wa sitiren ɗaya ka ninka sitires da shi, misali 570 (kN 61 ɗin nan da eriyar 107) a sitiren 0.12 ya zama 570 sau 1.12 wato 638, sitiren na haƙiƙa kuma ka ƙara wa sitiren ɗaya ka danna masa ln a kalkuleta. Amma wannan lissafin iyakarsa ƙololuwa, da wuya ya fara ya daina aiki. Mai gini bashi da buƙatarsa, masu matse faranti da masu jan waya a masana'anta su ne abin ya dama.

Da ya tsinke, kuma da ƙara yake tsinkewa har sai ka zabura in karon farko ne, kar ka bari a jefar da guntayen. Ɗauko su ka haɗa bakinsu a kan tebur su zauna daidai, ka nemi maki biyu masu tazarar 60 ta asali waɗanda tsinkewar ta faɗo tsakiyarsu, ka auna. Mu ce ka samu 71. Ƙarin 11 a raba da 60, kashi 18 cikin ɗari kenan da 'yan kai. Tsohuwar ƙa'idar 460 kashi 12 zuwa 14 take nema mafi ƙaranci gwargwadon aji, toh wannan ya wuce. Kwatanta 0.18 da 0.0023 na ɗazu, kusan sau tamanin, wannan ita ce tazarar da ke sa bim ya lotsa ya tsattsage mutane su gani su fita kafin ya sauko. Kullum ka rubuta tazarar da ka auna a kai, saboda yawancin miƙewar a wuyan take, in ka auna a kan 200 a maimakon 60 kason zai ragu alhali ƙarfe ɗaya ne. In kuma ya tsinke a cikin haƙoran inji ko daf da su, awon miƙewar bai inganta ba, a sake da wani guntun.

Sai ka kalli bakin tsinkewar da idonka, a taɓa da hankali don yana da zafi kuma yana yanka. Ƙarfe mai kyau gefe ɗaya zai yi rami ɗayan yayi tsini, launin toka-toka mara sheƙi, ga wuya a bayyane. Mai gautsi kuwa a shafe yake karyewa, babu wuya, bakin yana ƙyalli da 'yan ƙwayoyi. In guntun da aka gyara a injin lez, mai gurzar ƙarfe, ne mai santsi zaka iya auna wuyan da kalifa, mai 10 da ya koma 6.5 eriyarsa ta ragu da kashi 58.

Filin dake ƙarƙashin layin

Yanzu ja baya ka kalli giraf ɗin gaba ɗaya. Faɗin filin dake ƙarƙashin layin daga farko har tsinkewa shine yawan wahalar da ƙarfen zai shanye kafin ya rabu biyu, juriyarsa kenan. Ɗauki rodi biyu, ɗaya ya saki a 480 ya miƙe kashi 18, ɗaya ya kai 700 ya tsinke a kashi 4. Na biyun yafi tsawo a giraf amma siriri ne, in ka ƙirga 'yan akwatunan takardar dake ƙarƙashin kowanne na farkon ya ninka shi wajen sau uku. Ni dai na farkon zan saka a ginin da zan kwana a ciki.

Wannan ba zancen littafi bane kawai, don kaso mai yawa na rodin kasuwarmu daga narkakken ƙarfen jari bola ake yinsa, kuma yin haka ba laifi bane in ana auna sinadaran kowace narka. Matsalar in ba a auna ba, yau tukunya ta samu sifirin da gaggan ƙarafan inji kabon yayi yawa, gobe ta samu gwangwani da langa-langa. Kabon in ya ƙaru ƙarfi na hawa, miƙewa na sauka, walda kuma tana zama haɗari don gefen waldar yakan yi gautsi. Shi yasa in mai lanƙwasa rodi yace maka oga wannan ƙarfen karyewa yake in ina yin ring, wato zoben da ake zagaye rodi da shi, ka saurare shi, abinda giraf zai nuna maka ne ya riga ya ji a hannunsa.

In aka sauke lodi a tsakiyar hanya

In ƙarfe ya wuce yil aka sauke lodi, layin baya bin hanyar da ya zo, saukowa yake a miƙe da tsayuwa irin ta layin farko, ya taɓa ƙasa a wani wuri gaba da sifili, wannan tazarar ita ce miƙewar da ta zauna. In aka sake ja zai hau ta wannan sabon layin kuma ba zai saki ba sai ya kai inda aka tsaya a baya. Sai yil ɗinsa ya zama kamar ya ƙaru, amma miƙewar da ya riga ya ci ta tafi bata dawowa. Ka tuna da wannan in za a yanko maka samfur, rodi mita 12 ne kuma ninke shi ake yi biyu don ya shiga mota, toh gwiwar nan da aka ninke aka buɗe ta riga ta sha aiki, kar a yanko daga wajen. Haka kwancen rodi da ake cirowa daga rusau a miƙar da guduma, zai iya baka lamba mai kyau a yil amma ka duba miƙewarsa da kyau.

Sauran kaya a taƙaice

Ƙarfen kas irin na bulok ɗin inji layinsa gajere ne, ya ɗan lanƙwasa ya tsinke kafin sitiren ya kai kashi ɗaya, amma a matsi yana ɗaukar sau uku zuwa huɗu na abinda yake ɗauka a ja. Kankare ma matsa shi ake yi ba ja ba, kub mai milimita 150 bayan kwana 28, in ya fashe a kN 560 ka raba da 22,500 ka samu kusan 25. Layinsa tun da wuri yake lanƙwasa, ƙololuwa wajen 0.002, masu zane kuma suna tsayar da shi a 0.0035, a ja kuwa wajen kashi goma cikin ɗari kawai na ƙarfinsa yake da shi, dalilin saka masa rodi kenan. Robar danƙo tana miƙewa ninki-ninki ta dawo amma layinta ba miƙaƙƙe bane, kaga dawowa daban miƙewar layi daban. Leda da bututun PVC kuma sai ka tambayi saurin da aka ja su da zafin ɗakin, don in ka ja a hankali su miƙe in ka fizga su tsage, sakamakon da babu waɗannan biyun a jikinsa ba a kwatanta shi da wani.

Abinda giraf ɗin ba zai gaya maka ba

Gwajin nan ja ɗaya ne a hankali a zafin ɗaki. Bai san gajiyar ƙarfe ba, irin shaft ko aksil da ke karyewa bayan juyi miliyoyi da lodin da bai kai yil ba. Bai san miƙewar da ƙarfe ke yi sannu a hankali cikin zafi mai tsanani ba. Bai kuma san duka ko sanyi ba, a Janairun 1943 jirgin dakon mai Schenectady ya rabe biyu yana tsaye a tashar Portland ta Amurka ruwa na kwance lafiya, kuma aikin Constance Tipper a Kambirij kan jiragen wancan lokaci ya nuna irin wannan ƙarfen gautsi yake yi in sanyi ya kai wani mataki. Don irin wannan ake yin gwajin Charpy, a yi wa guntu ɗan tsagi a dake shi da guduma mai lilo.

A wajen gini abinda zaka haɗa da gwajin ja shine gwajin lanƙwasa, a naɗe rodin a jikin fin, wato sandan ƙarfe, mai kaurin da ƙa'ida ta faɗa, a duba bayan gwiwar ko akwai tsaga ko da siririya ce. Samfur kuma kar ya zama ɗaya, aƙalla uku daga kowane kauri, daga ɗauri daban-daban, kuma kai zaka nuna wanda za a yanka da hannunka ba mai kaya ya kawo maka yankakke a leda ba. Ka ɗaura wa kowanne takarda da kauri da ranar da motar ta sauke. In ɗaya ya faɗi biyu suka wuce kar ka haɗa ka raba kace matsakaici ya kai, a ware wannan lodin gefe a sake yanko wasu daga cikinsa, in suma suka faɗi a mayar wa mai shi ko a kai wa injiniyan da ya zana ginin lambobin ya sake lissafi da fy ɗin da aka samu. In kuma wata mota ta sake sauke sabon kaya bayan sati biyu, ko daga shago ɗaya ne, takardar farko bata shafe shi ba, sai an sake yanka.